Tufafin Mai Juna Biyu: Haƙƙin da Kunya Ta Danne

 

Ƴan'uwana mata, da magidantan da ke bibiyar wannan zaure, yau maganar tufafi na zo da ita, waɗanda mace ke sawa tun daga ranar da ciki ya fara turo zane har zuwa ranar da Allah Ya sauke ta. Na san wani zai ce ai wannan zancen teloli ne, me ya kawo shi inda ake karanta hukuncin alwala da azumi? Abu biyu ya kawo shi. Tufafin nan bashi ne a wuyan miji, kuma a cikinsu mace take tsayawa gaban Ubangijinta sau biyar a kowace rana.

A makarantar matan aure da nake karantarwa a nan Damagaram na daɗe da lura da wani abu. Ɗaliba mai ƙwazo, wadda ko ruwan sama bai hana ta zuwa, da zarar ta kai wata biyar sai zuwanta ya fara tsinkewa. Idan na tambayi maƙwabtanta sai su ce laulayi. To amma laulayi galibi a watanni ukun farko yake tsananta, a tsakiyar ciki kuwa mace ta fi samun ƙarfin jikinta. Sai na riƙa bin su gida. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na tarar da yarinya zaune da ɗaurin ƙirji da tsohuwar rigar mijinta, akwatunan lefe jere a bayanta. Ɗaya daga cikinsu, bayan ta gama sunkuye-sunkuye, ta ce mini: "Malama, wallahi kayan ne duk suka ƙi shiga, kuma nauyin faɗa wa Malam nake ji."

Yadda abin ke faruwa kowa ya sani. Ana kawo lefe, a kwashe atamfofi da shaddoji a kai wa tela gab da buki, ya auna amarya a lokacin da ta fi kowane lokaci tsukewa, ya ɗinka komai daidai jiki, riga da buje, har da ƙarfe ko roba a ƙugu. Ba a rage ko turmi ɗaya ba. Wata huɗu ko biyar da tarewa Allah Ya kawo rabo. Wajen mako na 20 mahaifa kan taso ta kai cibiya, ƙirji ya cika tun kafin nan, kuma kafin haihuwa mace mai lafiya takan ƙara kilo 10 zuwa 12 ko fiye. Sai a wayi gari mai akwati biyar ba ta da rigar zuwa gaisuwar rasuwa.

Ita kuma ba za ta yi magana ba, don cikin fari a wurinmu abin ɓoyo ne. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, yaya za ta buɗe baki ta ce ciki ya matse mata riga? Ga tsoron baki da idon mutane. Ba na raina alkunya, da ita aka raine ni kuma da ita nake rainon ƴaƴana. Amma Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar a kan cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba, Ummu Sulaim kuwa ta tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, abin da ya fi maganar riga nauyi a baki nesa ba kusa ba.

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa uban ɗa ciyar da uwa da tufatar da ita gwargwadon abin da aka saba. A huɗubar ban kwana, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir, Manzon Allah ya ambaci ci da tufafi cikin haƙƙoƙin mata a kan mazansu. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wannan tufatarwa kiswa. Shehu Halil a babin ciyarwa na Muhtasar ya bayyana cewa ana auna ta da al'adar gari, da ƙarfin miji, da matsayin matar, kuma ana bayar da ita lokacin sanyi da lokacin zafi. Ya lissafa har da ladan ungozoma cikin abin da ke kan miji. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, manufar kiswa ita ce ta suturta, ta wadatar. Rigar da ba ta shiga jiki ba ta yi ko ɗaya ba, komai tsadarta, kuma miji ba zai nuna akwatin lefe ya ce ya sauke nauyi ba.

Akwai wurin da maganar ta fito fili ƙwarai. Macen da aka saka saki yankakke alhali tana da ciki, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta a ciyar da ita har ta haihu. Halil ya ƙara bayani cewa idan sakin ya auku a farkon cikin, tana da kiswa cikakkiya, idan kuwa wasu watanni sun shuɗe, sai a ba ta ƙimar abin da ya dace da sauran watannin. To idan wadda igiyar aure ta yanke tsakaninta da mutum tana bin sa tufafi saboda abin da ke cikinta, ina ga wadda ke ɗakinsa tana dafa masa tuwo? Kuma mu duba garuruwanmu: zawarawa nawa ne ke zaune gidan iyayensu da tsohon ciki, tsohon miji bai aiko da ko ƙyalle ba, yana jiran ranar suna ya turo rago a ce ya yi ƙoƙari?

A wannan babin dai Halil ya fitar da wasu abubuwa daga cikin wajibi. Alharini ba dole ba ne a kan miji. Haka ma tufafin fita, wato irin na ado da ake sawa don zuwa buki. Da na fara karanta wa ɗalibai wannan wuri sai aji ya yi tsit, don kowa ta gane inda maganar ta dosa. Kayan fitar suna, leshi da shadda da takalmi da jaka, da ankon da ake fitarwa dangi da ƙawaye, duk a nan suka faɗo. Kyautatawa ne, wanda Allah Ya hore masa ya yi, zai samu lada in ya gyara niyya. Ragon suna shi ma a mazhabarmu abin so ne a rana ta bakwai ga mai iko. Amma ga magidanci tun ciki na wata uku yana zubin adashi domin kayan da za a sa yini ɗaya a ɗauki hoto, matarsa kuwa wata biyar cur tana jan numfashi da ƙyar cikin rigar amarci da aka farke gefenta. Mu mata ma da namu laifin, don mu ne ke lissafa turamen wance ranar suna, ba wadda ke tambayar me ta sa a watan bakwai.

Kada maza su ji kamar dutse na ɗora musu. Aya ta 7 a surar nan ta Ɗalaƙ ta ce wa mawadaci ya ciyar daga wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma daga abin da Allah Ya ba shi. Na san halin da ake ciki. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun 2024, da yawa ma ko wannan ba su da shi, kuma tun da aka rufe iyakoki a 2023 mai shiga Kasuwar Dole ko babbar kasuwar Maraɗi ya san kuɗin yadi ba inda ya bar shi yake ba. A ganina dogayen riguna uku masu yalwa sun riƙe mace har ta haihu: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye don salla da fita. Atamfa yadi 6 tana ba da doguwar riga har a samu ɗankwali da ragowa. A ƙara da rigar mama biyu da suka fi na da girma, da ɗan fatari mai mazagi. Wanda bai iya sabo ba, bosho ba abin kunya ba ne, sai dai a tuna malamanmu sun ce tufar da wanda ba Musulmi ba ya riga ya sa, ba a salla da ita sai an wanke, saɓanin sabon yadin da ya saƙa. Da ma wa zai sa bosho bai wanke ba?

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana da wasu riguna biyu na saƙi mai laushi da take ajiyewa a ƙasan adaka. Duk wadda ta samu ciki a cikinmu, ba za ta ce mata uffan ba, sai dai yarinya ta zo da ƙunshi ta ce: "Inna ta ce a ba Yaya." Rigunan nan sun zaga ɗakuna biyar. Yanzu na ji wasu na cewa wai ba kyau mai ciki ta sa rigar wata, musamman wadda ta taɓa ɓari. Wannan camfi ne, ba shi da tushe a addini, kuma yana hana ƴan'uwa taimakon juna a inda taimakon ya fi sauƙi.

Sai zaɓen kansa, kuma a nan nake so mata su tsaya su saurara. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya faɗi mafi ƙarancin abin da ke isar wa mace a salla: riga mai kauri, doguwa har ta rufe bayan ƙafafu, da mayafin da ke lulluɓe kai. Malamai sun kasa al'aurar mace a salla gida biyu. Akwai mai sauƙi, kamar gashi da ƙirji da damatsa da bayan ƙafa, wadda idan ta buɗe ana so a sake sallar matuƙar lokaci bai fita ba. Akwai mai nauyi, wadda idan ta buɗe alhali da ikon rufewa salla ta ɓaci. Cikin mace, da abin da ke daura da shi ta baya, yana cikin mai nauyi. Ku dubi mai wata bakwai da ta sa gajeriyar riga da zane, ta ɗora ƙaramin hijabi iya gwiwar hannu. Tana tsaye komai lafiya. Tana ɗaga hannu ko ta sunkuya ruku'u, riga ta haye, zane ya sauka ƙasan ciki, fata ta bayyana, ita ba ta ma gani don cikin ya tare mata.

Saboda haka awon rigar mai ciki ba a tsaye kawai ake yin sa ba. Idan tela ya kawo ɗinki, ko kin sayo abaya ɗinkakkiya, shiga ɗaki ki yi ruku'u da sujada da zaman tahiya a cikinta, ki sa wata ta duba miki baya. Ki sani kuma ciki yana cin tsawon gaba. Rigar da ke share ƙasa a wata huɗu, a wata tara ta ɗage ta bar idon sawu a waje, baya kuwa yana nan yadda yake. Tela mai hankali yakan fifita gaba da kamar taƙi ɗaya, ya bar kalmasa mai faɗi da za a iya warwarewa, ya sa tattara daga ƙarƙashin ƙirji maimakon ƙugu. In bai yi ba ki gaya masa, ko ki aika da wadda za ta gaya masa, in da hali ma ki nemi tela mace, don awon jiki a hannun namijin da ba muharrami ba matsala ce ta daban da muka mayar ba komai ba. Hijabi ma haka yake ɗagewa. Wanda ke kai miki gwiwa da, yanzu a saman ciki zai tsaya.

Tufa mai matse jiki har ta siffanta al'aura makaruhi ce ko a wajen salla, shara-shara kuwa da ake ganin launin fata ta cikinta kamar babu take. Matsalar ita ce zafi yana tura mai ciki wajen shara-shara. Wadda cikinta ya tsufa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a Tawa da Yamai da nan wurinmu, ga ɗaukewar wuta, ita kaɗai ta san abin da take ji, don jikinta da ma ya fi na kowa ɗumi. Maganin wannan auduga ce mai sauƙin nauyi amma saƙarta a cike. Ki ɗaga yadin ki kalli rana ta cikinsa, ki sa tafin hannunki a baya. In kin ga zanen hannunki, to yana bukatar shimi. Yawancin yadudduka masu sheƙi da arha da suka cika kasuwa yanzu roba ce, har da wasu da ake sayarwa da sunan atamfa. Suna riƙe zufa, su kawo ƙuraje da ƙaiƙayi a hammata da ƙarƙashin ƙirji da matsematsi. Gane su ba wuya: zare ɗaya za ki ja daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana. Auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonannar takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Kuma a jiƙa auduga a shanya kafin a kai ɗinki, don takan ɗan shige bayan wankin farko.

Ɗaure zane tamau a tsakiyar ciki don kada a gane, ko sa buje mai roba mai ƙarfi, yana ƙara ƙwannafi da ƙuncin numfashi. A ɗaura a sama ko a ƙasa, sakwa-sakwa. Takalmi mai tsini a jingine shi, a nemi shimfiɗaɗɗe wanda ba ya santsi a wurin alwala, ya ɗan fi ƙafa girma don takan kumbura da yamma. Wannan kumburin ƙafa an saba da shi. Amma idan fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba maganar tela ba ce, a tafi likita a ranar, don yana iya zama hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Ranar awo kaɗai nake ba da shawarar a bar doguwar riga a gida. Ungozomar likita tana bukatar damtse don awon jini da allura, tana bukatar ciki don ta auna ta saurari bugun zuciyar ɗa. Mai doguwar riga sai ta tattare ta har ƙirji, a ɗakin da wani lokaci labule kawai ya raba ta da masu jiran layi. Riga mai faɗin hannu da zane, da babban hijabi a sama, sun fi suturta ta a can. Na san matan da suka daina zuwa awo don wannan kwarewar kawai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar a ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin haihuwa.

Akwai kuma abin da mata ke tambayata a keɓe. Idan ciki ya tsufa yakan danne mafitsara, tari ko atishawa sai ɗigon fitsari ya fita. Malamanmu sun yi rangwame a kan najasar da ke zuwa kowace rana ba da son mutum ba, har kiyaye ta ya yi wuya. Game da warwarewar alwala kuwa akwai tafsili gwargwadon yawan lokacin da abin ke ɗauka, kowace ta kai wa malaminta nata halin. Sun yi irin wannan rangwame ga tufar mai shayarwa da fitsarin jariri ke samu, matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, suka kuma so ta keɓe wata tufa domin salla. Shi ya sa na ce riga ta uku a ajiye ta. Kuma tun wajen ɗinki a yi tunanin bayan haihuwa: a sa zif ko maɓallai a gaba daga wuya zuwa ƙasan ƙirji, rigar ciki ta zama rigar jego, ta shayar a cikin mutane ba tare da ta ɗage tufa daga ƙasa ba. Wadda sujada ta gagare ta duk da yalwar riga, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba ta hanya: tsaye in ta iya, in ba ta iya ba a zaune, malamai kuma suka ce ta yi nuni da abin da ya gagara.

Magidanta, kada ku jira a roƙe ku, mafi yawansu ba za su roƙa ba. Da wata na huɗu ya kama, ka shigo da yadi da kuɗin ɗinki ka ajiye a bakin gado, ba sai ka yi dogon bayani ba. In kai ma nauyi kake ji, ba ƙanwarka ko yayarta su je kasuwa tare. Wanda ke ci-rani a Abijan ko Libiya ko wajen haƙar zinariya a arewa, idan zai turo kuɗi ya ware wannan da sunansa, don in ya shiga hannun gida a dunƙule hatsi zai cinye shi. Wanda ya kai matarsa goyon ciki gidan iyayenta a wata bakwai ya sani nauyin bai koma kan surukinsa ba.

Mai mata biyu ko uku kuwa yakan ce yana tsoron rashin adalci, in ya saya wa mai ciki sai ya saya wa kowa, don haka ya bar kowa. Daidaitawar da ta wajaba tsakanin mata a mazhabarmu ta kwana ce. Ci da tufafi kowace ana ba ta abin da ya wadace ta gwargwadon halinta, kuma halin mai ciki ya sauya. Uwargida mai tsoron Allah ita ce ma za ta fara cewa: "Malam, ka duba yarinyar nan, kayanta sun matse ta." Na ga wadda ta yi haka, ta buɗe nata akwatin ta ciro turmin da take ajiya tun sallar bara, ta riƙe hannun amaryar suka tafi wajen tela.

Iyaye mata masu shirin aurar da ƴaƴa, ku rage turmi biyu ko uku daga lefe kada a ɗinka. Wadda kuma watanninta na ƙarshe za su faɗo kusa da salla ƙarama ko babba, ta kai ɗinkinta tun kafin teloli su cika, don a makonnin nan ba mai sauraron rigar zaman gida, sai a riƙe mata yadi har ta haihu.

Allah Ya raba masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da za su haifa a kan Musulunci.